Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda A Ke Samun Iskar Girki Daga Ruwan Wankin Kwakwa

Karatunmu na wannan mako a kan kwakwar Attagara ya ke, watau babbar kwakwan nan mai ruwa a ciki wadda masu talla ke yankawa suna jerawa a faranti. Amma yau cinta ba shi ne a gabanmu ba. Za mu duba ruwan dauɗar da ke fita daga ma'aikatun da ke sarrafa ta, da ɓarnar da ya ke yi wa manoma maƙwabta, da kuma dabarar da a ke yi a rufe shi a tanki har ya ba da iskar da ke kama wuta. Wannan iska ita ce masana ke kira bayogas. Ko da ya ke kwakwa itaciyar bakin teku ce, wanda ya fahimci wannan karatu ya fahimci sha'anin kowane irin ruwa mai ruɓa, ko na mayanka ne ko na matsar rogo.

INDA ABIN YA KE

Ƙasashen da suka fi kowa noman kwakwa a duniya su ne Indunusiya da Filifin da Indiya. Akwai kuma wani tsibiri kudu da Indiya wanda a da a ke kira Silon, aka sāke masa suna Siri Lanka a 1972. Shi za mu ɗauka misali, domin kwakwa ta shiga jinin mutanensa, da ita su ke miya, da ita su ke ciniki. A shekara su kan sami kwakwa wajen miliyan 3,000, wata shekara ta ɗara, wata ta gaza. Yawancinta daga yankunan Kurunegala da Puttalam da Gampaha ta ke fitowa, arewa da Kolombo babban birnin cinikinsu. A wani gari wai shi Lunuwila suna da gidan binciken kwakwa tun wajen 1929.

Cikin kayan da su ke sayarwa ƙasashen waje har da barzajjiyar kwakwa busasshiya, wadda a ke zubawa cikin biskit da alewa da kek. Ga yadda a ke yinta. Da fari a kan feɗe ɓawon waje mai zare. Sa'an nan a fasa ƙoƙon da 'yar gatari, a fid da ƙwallon ɗungum. Sai wasu ma'aikata su fere jar fatar da ke bayansa har ya yi fari fat. Daga nan a tsaga shi ruwan ciki ya zube, a wanke, a tsoma cikin tafasasshen ruwa, a barza a inji, a busar da iska mai zafi har laimar da ta rage ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Wannan wanki da tafasawa ba don ado a ke yinsu ba. Wajen 1960 likitoci a Ingila suka sami ƙwayoyin ciwon ciki cikin busasshiyar kwakwar da ta fito daga Silon. Abin ya taɓa cinikin ƙasar, sai hukuma ta tsananta dokar tsabta a ma'aikatun. Kwakwa ta tsabtata, amma ruwan da a ke zubarwa ya ƙaru.

MENE NE CIKIN RUWAN?

Ruwa iri uku ne ke haɗuwa a magudanar ma'aikata. Akwai ruwan cikin kwakwar kansa, mai sukari. Akwai ruwan wanki, wanda ke ɗauke da madarar kwakwa da ɓarɓashinta. Akwai kuma ruwan zafin da aka tsoma ta, mai maiƙo a kansa. Ma'aikata matsakaiciya a Siri Lanka ta kan fasa kwakwa 50,000 a yini, ta zubar da ruwa lita 40,000 zuwa 60,000. Watau kusan kowace kwakwa lita guda ke nan. In kun auna da duro irin na mai, mai cin lita 200, duro 250 ke nan kowace rana ta Allah.

Wani zai ce, to, mene ne aibin ruwan kwakwa, abin da mu ke saye mu sha? Aibinsa shi ne yawan abincin da ke cikinsa. A cikin kowane rafi akwai ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In suka sami sukari da mai sai su hayayyafa, su shanye iskar numfashin da ke narke cikin ruwa, wadda a ke kira oksijin. Ita kuwa kifi ke shaƙa. Ruwan rafi a ƙasar zafi ba ya riƙe oksijin fiye da kamar miligiram 8 a lita. Masana suna da wani awo da su ke rubutawa COD, wanda ke nuna yawan oksijin da dauɗar ruwa za ta ci kafin ta ƙare. Mu ce masa nauyin dauɗa. Ruwan kwatamin gari nauyinsa wajen rabin giram ne a lita. Na ma'aikatar kwakwa kuwa ya kan kai giram 17 zuwa 20 a lita, watau ya ninka na kwatami fiye da sau 30. Lita guda tasa ta isa ta shaƙe fiye da lita 1,000 na ruwan rafi.

Saboda haka inda duk aka saki wannan ruwa ba gyara, ƙoramar ta kan yi baƙi, ta yi ɗoyi, kifi ya mutu. Maiƙon ya kan toshe ƙasa, tsamin ya ƙone shuka a fadamun shinkafa, ruwan kuma ya tsiyaya cikin rijiyoyin mutane. Mai ma'aikata ya ci riba, manomin da ke ƙasa da shi ya biya. Don haka ne dokar Siri Lanka ta ce ruwan da za a saka cikin rafi kada nauyin dauɗarsa ya wuce miligiram 250 a lita, maiƙonsa kuma kada ya wuce miligiram 10. Ku dubi tazarar da ke tsakanin giram 18 da rubu'in giram, ku ga girman aikin.

TUMBIN SANIYA NA SIMINTI

Hanya biyu ce a ke bi a rage dauɗar ruwa. Ta fari, a riƙa hura masa iska da inji, ƙwayoyi masu son iska su cinye dauɗar. Wannan hanya tana aiki, amma ga ruwa mai nauyi irin na kwakwa ta kan ci lantarki ƙwarai, ta bar tulin laka. Ta biyu, a hana shi iska sam, a rufe shi ruf a tanki. A nan wasu ƙwayoyi dabam, waɗanda iska ke kashewa, su ke cin dauɗar, su mai da mafi yawanta iskar gas. Ta farko kuɗi ta ke ci, ta biyu makamashi ta ke bayarwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga makiyayi. Irin waɗannan ƙwayoyi su ne ke cikin tumbin saniya suna narkar mata da ciyawa, iskar da ta ke gyatsa kuwa akwai irin wannan gas a cikinta. Su ne kuma ke ƙarƙashin lakar kududdufi. In ka soka sanda cikin lakar ka ga kumfa na tasowa, to, shi ne. Wani masani Ba'italiye, Alessandro Volta, ya tara irin wannan kumfa a bakin Tabkin Majore a 1776, ya ga tana kama wuta. A 1895 mutanen birnin Ekseta na Ingila suka kunna fitilun titi da gas ɗin da ya fito daga ruwan kwataminsu. A Indiya kuma, a 1951, Jashbhai Patel ya ƙera tanki mai murfin ƙarfe da ke tashi sama in gas ya taru, don kashin shanun ƙauyawa. Don haka tankin bayogas tumbin saniya ne da aka gina da siminti ko ƙarfe. Wanda ya riƙe wannan magana ba zai ɓata ba a sauran karatun.

Cikin tankin ƙungiya huɗu ce ke aiki, kowace tana cin abin da ta gabanta ta bari. Ta farko tana farfasa ɓarɓashi da mai su narke. Ta biyu tana cin sukarin ta mai da shi ruwan tsami iri iri, kamar yadda madara ke zama nono. Ta uku tana mai da waɗannan duka su zama tsami iri guda, irin na binega. Ta huɗu ita ce mai gayya mai aiki, ita ke cin wannan tsami ta fid da iskar da ke ƙonewa, wadda a ke kira metan. Gas ɗin da ke fita, wajen kashi 60 cikin 100 metan ne. Sauran kuwa yawanci iskar nan ce da mu ke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ba ta ƙonewa, sai kuma 'yar kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Masu yin tsami jarumai ne, cikin 'yan sa'o'i sun ninka yawansu, ba su kuma damu da wahala ba. Masu yin metan kuwa raunana ne, sai sun yi kwanaki kafin su ninka, tsami kaɗan ya fi ƙarfinsu. Ma'aunin tsami da a ke rubutawa pH yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa-kanwa. Masu yin metan suna son wajen 6.8 zuwa 7.4, da ɗumi kamar na cikin dabba, digiri 35 zuwa 37. Ruwan kwakwa kuwa tun kafin ya kai tanki ya riga ya yi tsami, ya kan tsaya tsakanin 4 da 5.5.

ABOKAN GABA BIYU: TSAMI DA MAI

Kowane mai kiwo ya san abin da ke faruwa in sa ya ɓalle da dare ya afka wa buhun hatsi. Kafin gari ya waye cikinsa ya tsaya, ya daina tuƙa, wani ma ya mutu. Dalili shi ne hatsin ya yi tsami farat ɗaya cikin tumbi, ya kashe ƙwayoyin kirki. Haka tankin kwakwa ya ke yi in aka antaya masa ruwa mai sukari da yawa gaba ɗaya. Masu tsami su yi ta aiki, masu metan su kāsa kwashewa, tsami ya taru, ya ƙara raunana su, gas ya ragu, wutar ta riƙa mutuwa, tankin ya koma wari. In ya kai haka, sai an yi makonni ana jinya kafin ya farfaɗo.

Maganin wannan a wajen marina za mu koye shi. Marini ba ya barin karofinsa ya yi tsami, toka ya ke sa masa, yana duba shi safe da yamma. Haka a ma'aikatar kwakwa a kan tara ruwan yini a wani tanki na fari, ya gauraya, na zafi ya huce. Sa'an nan a kashe tsaminsa da soda ko da ruwan farar ƙasa irin ta ƙonannen dutse, a riƙa tura shi cikin babban tanki kaɗan kaɗan dare da rana. Wata dabara mai sauƙin kuɗi ita ce a komo da wani kashi na ruwan da ya riga ya fita daga tankin a gauraya da sabo, domin shi ya riga ya rabu da tsami. Wasu kuma su kan raba aikin gida biyu, tanki guda na masu tsami, tanki guda na masu metan, kowa da ɗakinsa.

Abokin gaba na biyu shi ne mai, shi ne kuwa ya bambanta ruwan kwakwa da sauran. A lita guda a kan sami mai har giram 4. A bisa lissafi, mai ya fi sukari ba da gas nesa ba kusa ba. Amma yana da illa uku. Ta ɗaya, ba ya gauraya da ruwa, sai ya taso ya yi ɓawo a sama, ya toshe hanyar gas. 'Yan kasuwa sun san man kwakwa ya kan daskare da hunturu. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 sai ya yi barci, ko cikin kwalba ko cikin bututu. Ta biyu, yana lulluɓe ƙwayoyin, abinci ba ya isa gare su, kuma ya sa su yi sauƙi su taso sama ruwa ya tafi da su. Ta uku ita ce mafi muni. Kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne da a ke kira lorik, wanda ke kashe ƙwayoyin halitta. Wannan hali nasa shi ne ke sa shi zama dafi ga masu yin metan.

Saboda haka doka ta fari a wannan aiki ita ce a kwashe mai tun a ƙofa. A kan bi da ruwan ta rariya ta tare ɓarɓashi, sa'an nan ta wasu kwamaye masu shinge inda zai tsaya, mai ya taso a yaɗe shi. Manyan ma'aikatu su kan tura ƙananan kumfar iska daga ƙasa, ta ɗago man sama a share. Man da aka yaɗe ba asara ba ne, masu yin sabulu suna saye. Ɗan abin da ya tsira kuwa ƙwayoyin za su iya da shi, muddin an saba musu sannu a hankali. A kuma kiyaye kada ruwan maganin wanke daɓe da injuna ya shiga tankin da yawa, gama abin da aka yi don kashe ƙwayoyin cuta ba zai bar na kirki ba.

IRIN TANKUNAN DA A KE GINAWA

Mafi sauƙi shi ne babban tanki rufaffe, ko tafki da aka shimfiɗa wa leda mai kauri a kansa. Aibinsa girma. Tun da masu metan ba su da saurin haihuwa, tilas ruwan ya daɗe ciki kamar kwana 20 ko fi, in ba haka ba za a wanke su waje. Lita 50,000 sau 20, lita miliyan guda ke nan. Ba kowane mai ma'aikata ke da fili da kuɗin wannan ba.

Sai masana suka nemi hanyar da ruwa zai wuce da sauri amma ƙwayoyin su zauna. A 1969 wasu Amurkawa biyu, Young da McCarty, suka bayyana tanki da aka cika da duwatsu. Ruwa na shiga ta ƙasa yana hawa, ƙwayoyin suna manne jikin duwatsun kamar gansakuka. Yau a kan sa gutsattsarin roba maimakon dutse. A ƙasashen kwakwa kuwa a kan yi amfani da zaren ɓawon kwakwar kanta, domin ga shi a yashe, ba ya saurin ruɓewa, kuma yana da wurin mannewa da yawa. Kun ga kwakwa ta kawo cuta ta kawo magani.

Cikin shekarun 1970 wani malami a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, Gatze Lettinga, ya fito da wani tanki wanda a ke rubuta sunansa UASB. A cikinsa ƙwayoyin da kansu su ke dunƙulewa su zama 'yan ƙwallaye kamar tsabar gero, su kwanta a gindi. Ruwa na ratsa su daga ƙasa zuwa sama, a can bisa kuma akwai wata hula da ke raba gas da ruwa da laka. Wannan tanki ƙarami ne, ruwa ba ya wuce yini ɗaya ko biyu a ciki. Amma shi ya fi kowa ƙin mai, don in mai ya lulluɓe ƙwallayen sai su yi iyo su fice. Wanda bai iya kwashe mai sosai ba, kada ya fara da shi.

Ko wane iri aka gina, ba a fara shi da ruwan kwakwa zalla. Sai an zuba masa iri, kamar yadda a ke sa wa madara tsohon nono. Irin kuwa shi ne ɗanyen kashin shanu da aka dama, ko laka daga wani tanki mai aiki. Daga nan a riƙa ba shi ruwan kwakwa kaɗan, ana ƙarawa mako mako. Ya kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin ya kai ƙarfinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Yawancin tankunan da suka lalace, gaggawa da rashin mai kula ne suka kashe su.

LISSAFI DON MALAMAN OFIS

Ga ƙa'idar da masana suka tabbatar. Kowane kilo guda na nauyin dauɗa da ƙwayoyin suka cinye yana ba da metan lita 350, in komai ya tafi daidai. To, mu ƙaddara ma'aikatarmu tana zubar da lita 50,000 a yini, kowace lita da giram 18. Jimla kilo 900 ke nan. Mu ce tankin ya cinye kashi 80 cikin 100, watau kilo 720. Ku ninka da 350, za ku sami metan lita 252,000. In an haɗa da sauran iskar da ke tare da shi, bayogas lita 420,000 ke nan, ko duro 2,100. Zafin da ke cikin metan lita 1,000 ya yi kusan daidai da na man gas na mota lita guda. Ashe ruwan da a ke zubarwa a ƙorama yana ɗauke da kwatankwacin man gas lita 250 kowace rana.

Wannan lissafin takarda ne. A aikace a kan sami ƙasa da haka, musamman in an kwashe mai da yawa tun a ƙofa, gama shi ma yana cikin nauyin. Duk da haka abin ba kaɗan ba ne. Ma'aikatar kwakwa kuwa ba ta rasa inda za ta kai gas, domin kullum tana ƙona itace ko baƙin mai a tukunyar tururi don tafasa ruwa da busar da kaya. Sai a ja bututu a kai can. Wanda ya so kuma ya sa shi a injin lantarki. Amma kafin haka a bi da gas ɗin ta cikin gwangwani mai ɗauke da garin ƙarfe mai tsatsa, ya tsotse iskar nan mai warin ƙwai, don ita ke cin ƙarfen inji. A kuma sa wurin tsiyayar da raɓar da ke taruwa cikin bututu.

Akwai abin da masu tallar tanki ba su cika faɗi ba. In an cire kashi 80 daga giram 18, saura giram 3.6. Ko an cire kashi 90, saura giram 1.8. Doka kuwa rubu'in giram ta ce. Watau ruwan da ya fito daga tankin bayogas bai isa shiga rafi ba tukuna. Tilas a bi da shi ta mataki na biyu, ko tankin hura iska, ko jerin tafkuna marasa zurfi, ko fadamar da aka shuka wa ciyayin ruwa. Amfanin tankin farko shi ne ya sauke mafi nauyin kayan, ya kuma biya wani abu daga kuɗin ɗawainiya. Lakar da a kan kwashe daga gindinsa taki ce mai kyau in ta bushe, a kan mai da ita gindin itatuwan kwakwa.

Akwai kuma wata riba tun kafin a zo tanki. Ruwan cikin kwakwar shi ya fi sukari, shi ne mafi nauyi cikin ukun nan. In an tare shi da tsabta a wurin fasawa ba a bari ya zuba ƙasa ba, kaya ne na sayarwa. A kan ɗura shi a kwalba ko kwali don sha, a kan yi binega da shi, a Filifin kuma su kan yi wata alewa mai santsi da shi wadda su ke kira nata de koko. Abin da za a iya sayarwa a kofi, wauta ce a zuba shi a kwata.

HATSARI

Metan ba wasa ba ne. In ya gauraya da iska, tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi da gini. Kada a sha taba ko a kawo fitila kusa da tanki. In ana neman inda ya ke yoyo, da ruwan sabulu a ke nema, a ga inda kumfa ke tashi. Iskar nan mai warin ƙwai kuma dafi ce, in ta yi yawa ma hanci ya kan daina jinta. Kada kowa ya shiga tanki don yashewa sai an buɗe shi iska ta ratsa sosai, da igiya a ƙugunsa, da mutane a bakin rami. Masu haƙar rijiya sun san wannan. Gas ɗin da ya yi rara kuma a ƙone shi a bakin dogon bututu, kada a sake shi haka, domin metan ya fi hayaƙin da wuta ke fitarwa ɗumama duniya kusan sau 28.

INA RUWANMU?

Kwakwar da mu ke gani a kasuwanninmu daga kudu ta ke zuwa, musamman daga Badagiri ta Jihar Legas, wata kuma daga bakin tekun Gana, 'yan'uwanmu fatake na cikin masu safararta. Mata da yawa kuma sun shiga sana'ar tatsar man kwakwa a gida. Ga mai fasa kwakwa 50 ko 100 a yini, ruwanta bai isa ya riƙe tanki shi kaɗai ba. Amma in akwai shanu a gidan, lissafi ya sāke. Ɗanyen kashin shanu kilo 25 ya kan ba da gas wajen lita 1,000, gida mai mutum 5 ko 6 kuwa yana bukatar lita 1,500 zuwa 2,000 a yini don girki. Ana iya dama kashin da ruwan wankin kwakwa bayan an yaɗe maiƙonsa, a fara da kaɗan. Kashin zai danne tsamin, sukarin ya ƙara gas. A tuna dai da hunturu aikin ya kan ja baya in tankin ya yi sanyi, don haka gara a binne shi cikin ƙasa a inda rana ke bugawa.

Wanda kuma ke shirin kafa ma'aikata, ko ta kwakwa ko ta garin rogo ko ta manja, ko malamin da aka kawo wa takardar neman izni, ga tambayoyin da ya kamata ya yi tun ba a aza tubali ba:

1. Lita nawa na ruwan dauɗa za a fitar a yini, kuma an kai shi an auna nauyinsa da tsaminsa da maiƙonsa?
2. Ina za a kwashe mai da ɓarɓashi kafin tanki?
3. Da me za a kashe tsami, kuma nawa zai ci a wata?
4. Wa aka koya wa duban tankin kullum, ya auna tsami, ya rubuta yawan gas a littafi?
5. Ruwan da ya fito daga tankin ina zai bi kafin ya kai gonar maƙwabci?

Wanda ya kāsa amsa ta huɗu, kada ya ɓata kuɗinsa a kan sauran. Tanki dabba ce mai rai, makiyayi ta ke so. Mai gonar da ke ƙasa da ma'aikata kuma ya sani yana da hakkin ya yi ta biyar, tun rijiyarsa ba ta sāke ɗanɗano ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.